Bayan na buge kangaru a hanyar Gilgandra

Duk wanda ya samu aiki a ƙananan garuruwan Ostireliya, kafin a nuna masa inda ake sayen shinkafa za a fara ja masa kunne a kan kangaru, dabbar dajin nan mai tsalle da ƙafafun baya. Ni nas ne, ɗan Zariya, ina zaune da iyalina a Dubbo cikin jihar New South Wales, wurin aikina kuma yana arewa da garin. Hanyar da nake bi ita ce Newell, babban titin da ya ratsa jihar tun daga iyakar Victoria har iyakar Queensland, wanda tireloli ba sa ɗauke ƙafa a kansa dare da rana. Daga Dubbo zuwa Gilgandra kimanin kilomita 65 ne, gonakin alkama da makiyayar tumaki da daji nan da can, kuma a yawancin hanyar doka ta yarda a yi gudun kilomita 110 a awa.

Wanda ya fara zaunar da ni wani yayanmu ne ɗan Katsina, likita, da ya daɗe a yankin. Ya ce, "Ƙanena, abu ɗaya zan gaya maka, ka riƙe shi da kyau. In ka gan shi a gabanka, taka birki ka riƙe sitiyari a miƙe. Kada ka ce za ka kauce masa. Motar da ta bugi kangaru ana gyara ta. Wadda ta kauce ta rungumi bishiya ko ta faɗa gaban tirela, sau da yawa ba a fito da mai ita da rai." Na ce, "In sha Allahu, Yaya," kuma nasihar ta yi mini rana.

Sai dai duk masu ja mini kunne a kan karon maganarsu take tsayawa. Babu wanda ya gaya mini abin da ake yi bayan mota ta tsaya, dabba na kwance a kan kwalta, kai kaɗai a daji cikin duhu. Wannan ɓangaren nake so in ba da labarinsa, domin 'yan uwanmu suna ta zuwa aiki waɗannan garuruwa, kuma da wuya a samu wanda ba zai bi hanya da asuba ko da magariba ba.

A watan Yuni ne. A nan Yuni tsakiyar sanyi ne, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe bakwai, aikin safe kuma ƙarfe bakwai ake karɓarsa. Ina idar da sallar asuba nake kankare raɓar da ta daskare a gilashi in kama hanya, gari da sauran duhu. Wannan kuwa shi ne lokacin kiwonsu. Kangaru yakan wuni a inuwa, sai rana ta yi sanyi ya fito cin ciyawa har wayewar gari. Abin da ke jawo shi bakin titi a fili yake: duk ɗan ruwan da ya sauka a kan kwalta gefe yake gangarawa, sai ka ga ciyawar bakin hanya kore shar alhali ta cikin gonaki ta bushe. Fitilar mota tana kashe masa ido ya rasa inda zai nufa. Kuma ba ya tafiya shi kaɗai. In ɗaya ya tsallaka, ka sa ran na biyu.

Na farkon na hango shi da nisa, ya fito daga hagu ya tsallaka dama, na ɗage ƙafa daga totur na fara taka birki. Ta biyun daga cikin dogayen ciyayin da ke gab da ni ta fito. Tsalle ɗaya ta yi ta faɗo gabana. Na danne birki iya ƙarfina, na ƙanƙame sitiyari, na ji karon a gaba ta hagu, fitilar wannan ɓangaren ta mutu nan take. Salati kawai nake yi har motar ta tsaya.

Na lallaɓa na sauka daga kwalta gaba ɗaya, na kunna dabul tirafiketa, na zauna ina taɓa jikina. Ko ƙwarzane babu, jakar iska ma ba ta fashe ba, alhamdu lillahi. Da na fita da tocilar waya sai na ga bamba ta tsage, fitila ta tarwatse, bonet ya lotse, ruwan lagireto na ɗiga a ƙasa. Mota in ruwan lagireto na zuba ba a ci gaba da tuƙa ta, inji ne zai ƙone, sai na kashe ta. Na kira wurin aiki in sanar ba zan iso a kan lokaci ba. Shugabar masu aikin dare ce ta ɗauka, 'yar yankin ce, a gona aka haife ta. Ta tambaye ni lafiyata, na ce lafiya lau. Tambaya ta biyu ita ce, "Ka duba jakar?" Na ce wace jaka? Ta ce, "In mace ce, akwai yiwuwar ɗanta na ciki da ransa. Kira WIRES yanzu, ka manta da aiki, za mu riƙe maka."

WIRES ƙungiyar 'yan sa-kai ce ta ceton namun daji, an kafa ta a 1985 a wannan jihar, lambarta 1300 094 737, kuma ana ɗauka kowane lokaci. Matar da ta amsa ba ta ɓata lokaci ba. Kana cikin haɗari? Dabbar na kan hanya ko gefe? Tana motsi? A ina kake daidai? Wannan ta ƙarshen ce mai wuya, domin babu gida babu kwana, daji ne kawai. A manyan titunan jihar akwai wasu 'yan ƙananan alluna kore a gefen hanya, ɗauke da harafin farko na sunan gari da lambar kilomitocin da suka rage. Na tuna na wuce ɗaya mai harafin G ba da jimawa ba, na gaya mata lambarsa, na kuma karanta mata wurin da taswirar wayata ta nuna. Ta ce za ta tura wa 'yan sa-kan da ke kusa, amma kafin nan in je in duba dabbar, in har babu mota a tafe.

Ta yi mini kashedi sosai a nan. Kangarun da ya ji rauni yana cikin firgici, ƙafafunsa na baya kuma suna da ƙarfi da dogon farce da zai iya farke cikin mutum. Ta ce in zo ta bayan gadon bayanta, nesa da ƙafafun, in tsaya in kalli ƙirjinta ko yana ɗagawa, sannan in samu dogon kara in taɓa gefen idonta. Na same ta a tsakiyar hannun da na biyo, a kwance ta gefe. Ƙirji ba ya motsi. Na taɓa idon, bai ƙifta ba. Rai ya yi halinsa.

Da a ce da sauran ranta, da labarin ya sha bamban. Babban kangarun da ya karye a ƙafa ko a baya kusan ba ya jinyatuwa, domin tsoron kamun kansa yana lalata masa tsoka har ya kashe shi. Abin da ake yi shi ne a tsaya nesa, a hana shi ƙara firgita, a jira ɗan sanda ko mai lasisin bindiga ya zo ya hutar da shi. Ba a ce direba ya yi wannan da hannunsa ba, amma an ce kada ya tafi ya bar shi. Dokar hana zaluntar dabbobi ta jihar, ta 1979, ta ɗora wa direban da ya bugi dabba ya raunata ta alhakin yin abin da zai iya don rage mata azaba, in kuma dabbar gida ce ya sanar da mai ita ko hukuma.

Mataki na gaba shi ne janye ta daga kan hanya. Na sa safar hannu, wadda ba ta rabuwa da aljihun rigar aikina, na kama gindin wutsiya na ja da baya. Macen irin wannan kangarun mai ruwan toka ba ta kai namiji girma ba, shi yakan haura kilo 60, ita kuma wajen rabin haka, amma duk da haka sai da na yi nishi. Na kai ta can cikin ciyawa, nesa da kwalta. Dalilin ba don direbobin da ke tafe kaɗai ba ne. Mushen da aka bari a kan titi yana jawo masu cin mushe, musamman babbar gaggafar ƙasar nan da faɗin fikafikanta ya haura mita biyu. In ta ƙoshi ba ta iya tashi da sauri, sai mota ta gaba ta haɗa da ita.

Ina nan tsaye wayata ta yi ƙara. 'Yar sa-kan da ta karɓi aikin ce, ta ce tana tafe amma da ɗan nisa, kuma sanyin nan ba zai jira ta ba, don haka ni zan fara. Ta ce in juya dabbar rigingine in duba ƙasan cikinta. In namiji ne za a ga alama a fili. In mace ce, akwai bakin jaka a ƙasan cibiya, yana kallon sama. Na sa yatsu biyu na buɗe, na haska. Ɗumi ne ya fara bugun hannuna. Sannan na ga wani abu ja-ja, babu gashi, dogayen ƙafafu a naɗe, ido a rufe, yana motsi a hankali. Na ce mata, "Akwai, kuma yana da rai." Muryata ma ban gane ta ba.

Sai mutum ya san yadda wannan halitta take haihuwa zai fahimci dalilin da ya sa ake damuwa da jakar. Cikin wannan kangarun kwana 36 ne kacal. Ɗan yana fitowa bai fi ƙwayar wake ba, makaho, ya rarrafa da hannayensa cikin gashin uwar har ya faɗa jakar, ya kama kan nono. Kan nonon sai ya kumbura a cikin bakinsa, ya zauna a haka watanni ba ya saki. Yakan kai wata 11 kafin ya bar jakar gaba ɗaya, kuma yana shan nono har kusan shekara ɗaya da rabi. Saboda haka a kowane lokaci na shekara, macen da aka buge akwai kyakkyawan zato tana ɗauke da ɗa. Jikin uwar ne ke tare masa bugun. Yana iya kwana da wuni, har fiye, a cikin gawar uwarsa, sanyi da yunwa da ƙwari suna cinsa a hankali, motoci na wucewa.

Ta tambaye ni ko nonon na bakinsa. Na ce yana ciki. Ta ce, "To kada ka ja shi ko kaɗan, za ka yaga masa baki. Kana da almakashi?" Almakashi kuwa kayan aikina ne, yana aljihu tare da filasta. Ta ce in fara samo fil ɗin nan mai rufewa in soka a jikin nonon, kusa da cikin uwar, don kada ɗan ya haɗiye guntun. Na samu ɗaya a akwatin taimakon gaggawa da ke but. Sannan in yanke nonon tsakanin fil ɗin da jikin uwar. Bakin jakar ya yi mini ƙunci, ta ce in tsaga shi, amma in sa yatsuna tsakanin almakashin da ɗan. Na yi yadda ta ce. Na tallafo shi ta baya da tafin hannu biyu, ba ta ƙafa ba, ba ta wutsiya ba, na fito da shi. Na sha riƙe bakwaini a wurin aiki, amma a ɗaki mai ɗumi da na'urori da abokan aiki. A nan daga ni sai tocilar da na cije a baki.

Abin da ya rage shi ne ɗumi, domin ɗan da bai yi gashi ba ba ya iya riƙe zafin jikinsa. Na cire hular sanyina na sa shi ciki, na cusa cikin riga a kan fatar ƙirjina, na ja zif ɗin jaket na koma mota. Ta ce kada in kunna rediyo, kada in riƙa buɗewa ina leƙawa, kada in kara shi da abu mai zafi. Ta kuma nanata, har sau biyu, kada in ba shi komai, ko ruwa. Madarar shanu musamman, sukarin da ke cikinta cikinsu ba ya narka shi, gudawa take sa su har ta kai su lahira. Mutane da yawa da kyakkyawar niyya suke kashe su ta wannan hanyar.

Na kira maiɗakina. Ta ce, "Baban yara, lafiya da sassafen nan?" Na gaya mata komai, na fara da cewa ni ƙalau nake. Ta yi ta hamdala, sannan ta yi shiru, ta ce, "Shi ɗan fa, zai rayu?" Na ce sai yadda Allah Ya yi.

Gari ya fara haske lokacin da wani manomi ya tsaya da a-kori-kurarsa. Ya duba motata ya girgiza kai, ya tambaya ko ina buƙatar wani abu. Da na nuna masa ƙirjina na gaya masa abin da ke ciki, sai ya ce shi kam sun ishe shi, suna cinye masa ciyawar tumaki, suna karya masa shinge, kuma ba su da iyaka. Bai yi ƙarya ba. Ƙidayar hukuma tana nuna miliyoyi masu yawa, a shekarun da aka samu ruwa sosai sun fi mutanen ƙasar yawa. Gwamnati da kanta take ba maharba izinin kashe wani adadi duk shekara, namansa na nan a manyan kantuna, ko da yake hotonsa ne a tambarin ƙasa tare da imu, wani babban tsuntsu mai kama da jimina. Amma bayan ya gama faɗa, sai ya koma motarsa ya ɗauko tsohon tawul ya miƙo mini, ya ce in ƙara masa.

Ban ga saɓani tsakanin maganarsa da tawul ɗinsa ba. Yawan kangaru a ƙasa magana ce ta hukuma da manoma da masana, su za su yanke nawa za a rage da yadda za a rage. Wannan ɗan da ke ƙirjina kuwa ba ya cikin wannan lissafin. Motata ce ta raba shi da uwarsa, kuma ni kaɗai ne a wurin. A gida, in ka buge akuya a hanyar Funtuwa, kafin ka fito daga mota mai ita ya iso, ga jama'a, ga mai unguwa, a yi ciniki ka biya. Haƙƙin yana da mai nema. A nan babu wanda zai fito daga daji ya riƙe maka riga, kuma ina ganin wannan ya ƙara wa abin nauyi ne, bai rage ba. Tun muna makarantar allo muke jin hadisin mutumin da ya shayar da kare daga rijiya aka gafarta masa, da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Ba a ware dabbar da ta yi yawa ba.

'Yar sa-kan ta iso rana na fitowa. Dattijuwa ce da ta yi ritaya, bayan motarta cike da jakunkunan yadi da ta ɗinka da kanta. Ta karɓe shi cikin hular, ta zuba shi a wata jaka da ta ɗumama tun a hanya, sannan ta duba shi ba tare da ta fito da shi duka ba: ƙafafu, wutsiya, ƙugu, ko akwai kumburi ko jini a kunne. Ta ɗan ja fatarsa ta ga yadda take komawa, irin yadda muke gwada ƙarancin ruwa a jikin majiyyaci. Ta rataye jakar a ƙaramin sikeli, bai kai kilo ɗaya ba. Namiji ne.

Daga nan ta nufi gawar. Ta sake buɗe jakar ta duba sauran nonuwan, domin guda huɗu ne. Ta ce in aka ga wani ya yi tsawo ba kowa a kansa, to akwai babban ɗa da ke bin uwar a ƙafa, ko kuma karon ya cillo ɗan waje, sai a bincika ciyawar da ke kewaye. Uwar tana iya shayar da 'ya'ya biyu masu bambancin shekaru a lokaci guda, kowane nono da irin madararsa. Na wannan sauran duk ƙanana ne. Sai ta ɗauko gwangwanin fenti ta fesa babban gicciye a jikin gawar. Na daɗe ina ganin wannan alama a kan mushen gefen hanya. Ma'anarta an riga an duba jakar, kada wani ya sake tsayawa a banza ya jefa kansa cikin haɗari.

Ta gaya mini abin da ke gabanta, ba da sigar ƙorafi ba. Kwalba duk bayan 'yan awanni, har tsakar dare, da madara ta musamman da ake sauyawa yayin da yake girma, domin madarar uwar ma sauyawa take. Jakarsa a ɗumin da ya kai wajen digiri 32. Bayan kowane ci sai an shafa masa ƙasan wutsiya da auduga kafin ya yi fitsari ko kashi, aikin da uwar ke yi da harshe. Fatarsa sai an riƙa shafa mata mai don kada ta tsage. Ba a biyan ta albashi, kuma yawancin kuɗin madara daga aljihunta yake fita. In aka ga matsala, akwai asibitin namun daji a gidan zu na Taronga da ke Dubbo, likitocin dabbobi da dama kuma suna duba namun daji kyauta. Ta ce kada in sa rai da yawa, masu wannan girman wasu suna tashi wasu ba sa tashi. Da yarana suka ji labari da yamma suka ce me ya sa ban kawo shi gida ba, na gaya musu dokar jihar ta 2016 ta haramta riƙe naman daji sai da lasisi, kuma ko babu doka, a hannunmu ba zai kwana biyu ba.

Sai maganar mota, wadda ita ce ta fi cin lokaci ko da yake ba ta da wuyar bayani. A New South Wales akwai inshorar dole da ake biya tare da sabunta rajistar mota, wadda ake kira koriyar takarda. Sababbin zuwa da yawa suna ɗauka ta wadatar. Raunin mutane kawai take ɗauka, ba ta biyan ko sisi na gyaran mota. Akwai wata mai biyan ɓarnar da ka yi wa motar wani, ita ma ba ruwanta da taka. Cikakkiyar inshora ce kaɗai ke biyan karon dabba, kuma ita nake da ita. Na ɗauki hotuna tun a wurin: gaban motar, gashin da ya maƙale a bamba, ruwan da ya zuba, hanyar. Kamfanin ya turo janwe daga Dubbo, na shiga gaba muka koma tare. Tun da jan motar aka yi, na kira layin 'yan sanda na abin da ba gaggawa ba, 131 444, na ba da rahoto aka ba ni lamba. Da akwai wanda ya ji rauni, 000 ake kira tun a wurin.

Duk da ba ni da laifi, sai da na biya kason da mai mota ke fara biya daga aljihunsa, ɗaruruwan daloli, domin babu wani direba da kamfanin zai bi ya karɓo kuɗinsa. Garejin fanel bita na same shi cike da motoci masu irin lotsewar tawa, mai garejin ya ce lokacin sanyi kakarsu ce. Motocin yanzu kuma akwai na'urori a bayan bamba da sai an sake saita su, kayan gyara daga Sydney za a kawo. Na yi makonni ina bin motar wani abokin aiki.

A wannan zaman jiran na bincika duk abin da ake cewa yana kare mutum. Garkuwar ƙarfe da ake ɗaura wa gaban manyan motoci tana kare lagireto har ka iya kai kanka gari, amma sai wadda ta dace da jakar iskar motar, ba ta hana karon, kuma ta fi illa ga mai tafiya a ƙasa a cikin gari. 'Yan usur ɗin roba da ake maƙalawa a bamba wai don su kori dabba, binciken da aka yi bai nuna suna aiki ba. Na'ura ma ta sha wuya: a 2017 kamfanin Volvo ya bayyana cewa tsarinsa na gano manyan dabbobi, wanda ke gane barewa da danginta, kangaru yana rikita shi, domin da ƙasa yake auna nisa, shi kuwa in yana sama sai ya zama kamar ya yi nisa, in ya dira ya zama kamar ya matso. Abin da ya rage a hannun direba shi ne gudu. Tazarar da birki ke buƙata a gudun 110 ta kusa ninka ta gudun 80. A hanyata bambancin kusan minti 13 ne. Yanzu in duhu ne a 80 nake tafiya, da babbar fitila in babu mai zuwa, idona a gefen hanya, in tirela ta matso bayana in samu wuri in ba ta hanya.

Ba kangaru kaɗai ba ne. A wuraren tuddai masu sanyi akwai wambat, gajere mai kauri da yakan kai kilo 30, yana shiga ƙarƙashin mota ya fasa tankin baƙin mai. Jakar macensa baya take kallo, saboda haƙar rami kada ƙasa ta cika ta, don haka ta tsakanin ƙafafun baya ake dubawa. Imu, ɗan uwan jimina, yakan yi ta gudu a gefenka sannan ya yanko gabanka ba zato. Akwai kuma ikidina mai ƙaya a baya, wadda in aka same ta lafiya a kan titi ana kai ta gefen da ta nufa ne kawai, ba a ɗauke ta zuwa wani wuri, domin ƙila ta bar ɗa a rami a nan kusa.

Ɗan ya rayu. Dattijuwar ta turo mini hoto lokacin da idonsa ya buɗe, da wani bayan gashi ya rufe shi. Da ya fara fita daga jaka aka mayar da shi hannun wasu masu babban fili, inda ake haɗa marayu sa'annin juna su zama garke kafin a sake su. Daga nan ba a karɓar baƙi, domin ana so su koyi gudun mutum da kare da mota, wanda ya saba da mutane ba ya daɗewa a daji.

A but ɗina yanzu akwai safar hannu, tocilar goshi, rigar nan mai ƙyalli, tsohuwar rigar matashin kai, almakashi, fil da gwangwanin fenti. In na ga mushe babu alama a jikinsa, wurin kuma miƙaƙƙe ne da filin tsayawa, nakan sauka in duba. A kwana ko a kan gada ba na tsayawa, sai in kira in ba da wurin. Galibi namiji nake tararwa, ko jaka babu kowa. Sai in ja shi cikin ciyawa, in fesa fenti, in wanke hannu in wuce aiki.